Wanda Ya Gusa Turke

Shekara talatin da wani abu na yi ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi, amma ban taɓa fara darasin da'ira da kamfas ba. Turke da igiya nake ɗauka, in kora yara fili. Abokan aikina sun zaci wata dabara ce na tsinto a littattafan Turawa, ni kuma ban musa ba. Na saba karɓar yabon da ba nawa ba tun ina ɗan shekara goma.

Gidanmu a Zuru yana gindin dutse. Da magariba ta wuce, an suɗe kwanon tuwon dawa, sai Kaka, mahaifiyar babana, ta jawo karan da ya rage a murhu ta hura a ƙofar ɗakinta, ta zuba gujiya cikin toka. Mu kewaye ta, ni da ƙanwata Ladi da yaran maƙwabta, rabinmu don tatsuniya, rabinmu don gujiya. Hausarta ta kasuwa ce, tana ɗingishi. In labari ya yi zafi sai ta yar da ita ta koma yarenta na Dakarci, in ya huce ta dawo ta ɗauka. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa nan tafe ba takalmi." Mu ce, "A shimfiɗa mata."

Da rana kuwa Kaka magina ce. Rumbu take ginawa, kuma har ƙauyukan hanyar Danko ana aiko mata. Mai Turke ake kiranta, saboda wani turken ƙirya da ya yi baƙi don tsufa, wanda maƙeri ya sa wa zoben ƙarfe a ka, yadda igiya za ta kewaya ba tare da ta naɗe ta gajarce ba. In an jera duwatsu, an shimfiɗa itace, an daɓe da laka, sai ta kafa turken a tsakiya. Kowane sahu na gini sai ta auna shi da igiyar, ta nan da ta can, kuma ba a cire turken sai bango ya kai ƙirji. Tana da magana ɗaya da duk unguwa ta haddace: "Ido yana ƙarya, turke ba ya yi."

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda muka fi roƙo. Wata tsohuwa ce da 'ya'ya biyar maza, suka tashi sabon mazauni. Kowanne ya ce ɗakinsa ne zai fi kusa da na uwa, ba don so ba, don ƙanzon tukunya. Faɗa ya kaure har rana ta faɗi. Tsohuwa tana da wata akuya mai haɗama da ta ɗaure a turke tun safe. Da suka gaji da dambe suka juyo, sai suka tarar akuya ta cinye ciyawa iyakar inda igiya ta kai ta, ta bar fili kamar faifai. Tsohuwa ta ce, "Nan inda turke yake, nan ɗakina. Ku kuwa kowa ya gina a bakin ciyawa. Akuya ta fi ku iya rabo." Kowa ya yarda, ban da auta. Da 'yan'uwansa suka tafi rafi ɗebo ruwan kwaɓa laka, sai ya tumɓuke turken ya gusa shi taku biyu wajen nasa ɗakin. Aka yi gini, aka ɗora jinka, auta ya riƙa shan ƙanzo da zafinsa. To, da aka sake ɗaure akuya a gefen ɗakin uwa, sai igiyarta ta kai rufin auta, ba ta kai na kowa ba. Kafin damina ta faɗi ta cinye masa jinka ƙaf, ruwan farko ya sauka a bakinsa yana barci.

A nan Kaka takan tono gujiya da tsinke, ta dube ni, ta ce, "Ka ji, maigidana? Wanda ya gusa turke, akuya ta san gidansa." Wasan jika da kaka ne, ni ne mijinta. In ce, "Na sake ki, tsohuwa." Ta ce, "Saki da me, ko wando ba ka da shi?"

A lokacin Nasara ba su daɗe da buɗe makaranta a garin ba. An ce kowace unguwa ta ba da yaro, aka duba gidanmu aka ga ni na fi rashin amfani a gona. Makarantar zaure ɗaya ce ta laka. Muna rubutu da yatsa a rairayi, muna ƙidaya da 'ya'yan tsamiya, waɗanda ba sa cika goma in yunwa ta matsa. Malaminmu Malam Bawa, mutumin Kabi ne, dogo, mai tsabtar riga. Dukiyarsa a duniya kamfas ne na katako, mai ƙafa biyu, ɗaya da tsini ɗaya da alli. Shi kaɗai ke taɓa shi, sai ka ce layar kakansa.

Wata rana cikin rani aka ce Baturen makaranta yana tafe jibi. Malam Bawa ya so ya burge shi: a zana babbar da'ira a fili, yara su taka ta tsakiya suna ƙirga taku, su taka kewaye suna ƙirgawa, a nuna kewaye ya ninka faɗi sau uku da ɗan ɗoriya. Amma kamfas iyakarsa kamu ɗaya. Malam ya gwada ja da ƙafa, abin ya fito kamar kabewa. Ya share, ya sake, ya fito kamar ƙwan zabuwa. Gumi ya keto masa. Ya ce, "Yau na ga ta kaina. Babu wanda ka iya wanga abu cikinku?"

Na ɗaga hannu.

A makon nan Kaka tana gina wa babana sabon rumbu a bayan gida. Bango ya kai gwiwa, ta bar shi ya sha iska, ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, sai washegarin zuwan Bature za ta dawo. Ko wane itace da ko wace igiya da sun yi mini aikin, na sani yanzu. Amma yaro gani yake gwanintar a jikin kayan take. Ranar zuwansa da sassafe na haura cikin rumbun. Turken ya kama laka, sai da na yi ta girgiza shi ina tattaka daɓen da bai bushe ba kafin ya fito. Na cusa shi cikin riga na ruga.

Abin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na kafa turke, na ɗaura tsinke a bakin igiya, na zaga sau ɗaya, layi ya koma ya haɗu da mafarinsa ba ko gargada. Malam Bawa ya bi da farar ƙasa. Bature ya zo, ja wur da rana, ya tsaya tsakiya ya juya, ya yi wata magana ta hanci. Yara suka taka, lissafi ya fita. Sai ya nuna ni da sandarsa ya tambaya da Hausarsa mai kama da tafiyar agwagwa, "Yaro, wa ya koya maka?"

Sunan Kaka yana bakina. Sai na tuno ta da zane ɗaya ɗaure a ƙirji, laka har gwiwar hannu, Hausa tana ɗingishi, na dubi takalman Bature masu walƙiya. Na ce, "A littafi na gani."

Malam Bawa ya yi gyaran murya. Littattafan makarantar ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ya san babu turke a cikinsu. Amma yabon yana zubowa har kansa, sai ya yi shiru. Bature ya ba ni jan fensir, rabi.

Da na koma gida na haura rumbun, babu ramin turke. Sawun ƙafafuna ne kawai, sun cakuɗe wurin. Na tsaya na auna da ido, na kafa shi inda na ga ya yi kama da tsakiya, na shafe sawun da tafin hannu, na wanke igiyar.

Washegari Kaka ta kwaɓa laka ta shiga. Ina tsugune a inuwa ina fiƙe fensir. Ta ja igiya gabas, ta wuce bango. Ta ja yamma, ba ta kai ba. Ta sake. Ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Maigidana."

"Na'am."

"Wani ya taɓa turken nan?"

"Wa zai taɓa miki turke, tsohuwa? Kayan gado ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duban bangon da ta gina da hannunta, ta murza idanu da bayan hannu. Sannan ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "To, idon ne ya fara." Ta bi turken. Sahu bayan sahu ta riƙa jan bangon zuwa inda igiya ta ce, ta yarda da itace ta ƙaryata kanta, domin abin da ta koya wa gari ke nan shekara da shekaru. Bambancin bai fi faɗin tafin hannu ba. Amma cikin rumbun ya tashi ya ɗan sauka daga kan duwatsunsa ta gefe guda, kamar mai zama da ɗuwawu ɗaya a kujera.

Rumbun ya tsaya duk damina, da hularsa ta ciyawa, har na fara yafe wa kaina. Da aka yi girbi, maƙwabta suka taru taya babana shigar da dawa, ana waƙa ana miƙa dami hannu da hannu. Babana yana kan tsani, saura dami kaɗan, sai muka ji ƙara kamar an fasa tulu. Rumbun ya tsage daga wuya har gindi, ya kwanta ta gabas. Babana ya faɗo ya gurɗe a ƙafa. Dawa ta cakuɗe da ɓaraguzai, kaji suka ga ranar sallarsu. Waƙa ta mutu.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya zaga ya dubi duwatsun, ya girgiza kai. "Ginin ya sauka daga kan dutse. Allah sarki, Mai Turke, tsufa ba ya sallama."

Kowa ya juya yana dubanta. Ni ma na juya, don kada a ga ban juya ba. Ta ce, "Idona ne. Ku yi haƙuri." Ta durƙusa ta fara tsince zangarniya.

Da rani ya kewayo babu wanda ya aiko mata. Wani mutum daga wajen Sakaba aka riƙa kira, wanda rumbunansa ba su da fasali amma ba su taɓa faɗuwa gaban jama'a ba. Kaka ta rataye turke da igiya a bangon ɗakinta. Hannun da ya saba da laka ya koma ɓare gujiya.

Tatsuniya dai ba ta fasa ba. Wata magariba Ladi ta ce a yi mana ta akuya. Na so ƙasa ta tsage. Kaka ta hura wuta, ta ce baƙuwa na tafe ba takalmi, aka shimfiɗa mata. Sai ta ce wata tsohuwa ce da 'ya'ya huɗu. Suka yi faɗa, akuya ta raba, aka yi gini, kowa ya sha ƙanzo daidai. Nan ta rufe tatsuniyar.

Ladi ta ce, "Kaka, biyar ne! Ina auta?"

"Auta ya tafi makaranta," in ji Kaka. Ta tono gujiya mafi girma ta ajiye a gabana. Na yi kamar barci ya sace ni. Gujiyar ta huce a wurin.

Ranar da za a tafi da ni makarantar gaba, ta kira ni ɗaki, ta sauko da turken da igiyar ta danƙa mini. Ta ce, "Tafi da su, maigidana. Sun riga ka sanin hanyar boko." Ƙofa ce ta buɗe mini har bango, kalma uku kawai ake nema in shiga. Na ce, "Na gode, Kaka." Kalma uku ne, amma ba su ba ne. Kafin hutun da ya biyo baya aka aiko ta rasu.

A aji na biyu na makarantar gaba aka koya mana yadda ake gano tsakiyar da'ira in ta ɓace. Ka zaɓi wuri uku a bakinta, ka ja igiya daga na farko zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, ka ninka kowace ka sami rabinta, ka ja layi a miƙe daga nan zuwa ciki. Inda layukan suka gamu, nan turke yake. Aikin bai kai tsawon shan fura ba. Na zauna ina duban allo, malami ya zaci ban gane ba ne ya sake maimaitawa.

Na karanta littattafai da dama tun daga lokacin, wasu ma na fahimce su. Ban ga wanda ya gyara mini kuskuren tatsuniyar Kaka ba: a tatsuniya akuya tana cin rufin wanda ya gusa turke, a gidanmu kuwa rufin mai turken ta ci, auta ya tafi da fensir, ya zama malam, ana durƙusa masa.

Shekarar da zan ajiye aiki, na fita da yara fili kamar kullum, na kafa turken, zobensa ya sha tsatsa amma yana juyawa. Wata yarinya mai baki ta zaga da igiyar, layi ya haɗu, ta yi tsalle. Ta ce, "Malam, a wane littafi aka samo wannan?"

Shekara hamsin tambayar tana bina, ga shi ta cim mini gaban 'ya'yan mutane. Na ce su zauna a bakin da'irar, kowa daidai da ɗan'uwansa. Na zauna kusa da turken. Na ce, "Wata tsohuwa ce da 'ya'ya biyar. Ni ne na biyar ɗin."