Gurbin Da Na Bar Miki Gaban Suna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Rahmatu Sheshi, 'yar maƙwabcina Malam Sheshi mai kayan tagulla, bayan jinyar kwana huɗu. Shekararta ashirin da uku. An kai ta makwancinta da la'asar, saura kwana goma sha ɗaya a yi bikin da kwalejinsu ta shirya don karrama ɗaliban da suka yi zarra, inda sunanta ne a sama a Sashen Hausa.

Rahmatu, ni ne Kawu Suleiman mai allo. Shekara ashirin shagona yana manne da na mahaifinki a Barkin Sale, nan Minna, ina zana sunayen mutane a tagulla, ina kafawa a katako, a miƙa musu a taro a yi tafi. Na zana wa wanda ya cancanta, na zana wa wanda ya saya wa kansa da kansa, ban taɓa tambayar kowa ba. Naki ne kaɗai na zana da murna.

Na san ki tun kina ƙarama, ba ki jin komai sai Nufanci, mutanen Bida ne ku. In na dawo daga masallaci sai ki ruga ki ce wa mahaifinki, "Baba, Kawu ta zo!" Ni kuma in ce, "To, Kawu ta zo, a kawo mata zane da ɗankwali." Duk layin a yi ta dariya, ki ɓuya bayan tulin tukwanen tagulla. Wa zai ce yarinyar nan ce za ta zo ta fi 'ya'yan Hausawa jin Hausa, har malamai su riƙa karanta takardarta a gaban aji? Daga baya ke kika koma yi mini gyara. Duk rubutun Hausa da za a zana a shagona sai ya bi ta hannunki, ba ki taɓa nuna kin gaji ba.

Gaskiyarki ma ta sha jawo mini asara, yau kuwa ita nake kewa. Na tuna wani ɗan siyasa da ya zo yin allo, ina ta rantse masa cewa tagullar nan daga ƙasar waje aka sauko da ita, ba irin ta gari ba ce. Kina zaune a benci da littafi, ko kai ba ki ɗaga ba kika ce, "Kawu, ba ita ce ka karɓa wurin Baba jiya ba?" Mutumin ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da ya tafi na ce, "'Yata, ciniki kike kashe mini." Kika ce, "Ai ta Baba ta fi ta wajen kyau, sai ka faɗi hakan." Tun ranar haka nake faɗa, kuma ana saye.

Matan layinmu ba za su manta ki ba. Ke kike karanta musu takardar asibiti, ke kike cika musu fom ɗin makarantar 'ya'yansu. Sannan ga Hadassah Josiah, 'yar ajinku daga Chanchaga, wadda take biye da ke a maki tun shekarar farko. Na taɓa ja miki kunne na ce, "Wannan fa abokiyar gasa ce, ki rage ba ta littafinki." Kika dube ni kamar na yi saɓo. Kika ce in ta wuce ki da karatunta, ai ta wuce ki ne.

Da sakamako ya fito, shugaban sashenku, Malam Ndagi, ya kawo mini aikin allunan bikin da kansa. Ya ce kada in nuna wa kowa sai ranar biki. Na ce masa ko matata ba za ta gani ba. Bai kai bakin titi ba na fara da naki, ina gamawa na aika a kira ki. Kika tsaya kina kallon sunanki a tagulla, kin rufe baki da mayafi. Can sai kika ce, "Kawu, ina ƙugiyar? Daliba ka rubuta. Ɗaliba ce. Ga hazaƙa ma ka mayar da ita hazaka." Na ce injina bai san ƙugiya ba, kuma wa zai lura? Kika ce, "Allon Sashen Hausa ne fa." Haka na ɗauki ƙarfen zane na lanƙwasa su da hannu, kina tsaye a kaina kamar mai duba jarrabawa.

Sai kika ga gurbin. Duk wanda ya san aikina ya san dabarata: ba na fara suna daga gefe, ina barin fili kaɗan a gabansa. Mutumin Minna ba ya zama da suna tsirara. Bana Malam ne, baɗi Alhaji, in an jima Injiniya ko Honarabul, dole ya dawo wurina in ƙara masa. Kika tambaye ni filin na mene ne, na ce, "Na Dakta ne. Harafi biyar, na auna. Je ki jami'a ki dawo, wannan kyauta zan zana." Kika yi dariya kika ce za ki riƙe ni da maganata.

Bayan addu'ar uku Malam Ndagi ya dawo shagon. Bai zauna ba. Ya ce ƙa'idar kyautar ita ce tana tafiya da gurbin ci gaba da karatu, don haka sai mai rai ake ba, ta koma kan Hadassah. In cire farantin tagullar da ke da sunanki, in zana sabo.

Rahmatu, kin san bakina. Na taɓa sayar wa mai gemu allon da aka yi don mace. Na ce a raina wannan ƙaramin aiki ne. Sau uku ina zuwa kwalejin nan. Ban nemi gurbin karatun ba, me za ki yi da shi? Na roƙa a kira sunanki kawai, a miƙa wa mahaifinki allon a gaban jama'a. Ofishin farko suka ce maganar kwamiti ce. Kwamiti suka ce an riga an buga jadawalin biki. Na yi zaƙin baki, na yi kirari, na kawo sunayen manyan da na taɓa yi wa aiki. Kowa ya saurare ni da ladabi, kowa ya yi miki addu'a, wata ma ta yi hawaye, amma babu wanda alƙalamin yake hannunsa. Malam Ndagi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya samo alkawarin za a yi shiru na minti ɗaya.

Ranar Asabar ɗin bikin na je, na zauna a baya. Babban baƙo ya makara da awa biyu, aka ce a taƙaita. Minti ɗayanki yana cikin abin da aka taƙaita. Da aka kira Hadassah ta fito tana kuka, mutane suna tsammanin na murna ne. Na ga ta matsa kusa da lasifika, na ga bakinta ya faɗi sunanki. Masu kiɗa sun riga sun ɗauka. Ni da na san abin da za ta faɗa, ni kaɗai na ji. Ba ta ci haƙƙin kowa ba, yarinyar nan ta yi karatu, kuma allonta na yi shi da kyau, har ƙugiyoyin ban manta ba.

Washegari na ɗauki farantinki, wanda na cire daga katako, na shiga shagon mahaifinki. Mutum ne da ya san ƙarfe fiye da ni. Ya karɓa, ya goge da hannun riga, ya bi haruffan da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan filin nan ya tsaya. Ya ce, "Suleimanu, nan fa? An manta wani abu ne?" Na buɗe baki in shirya masa wata magana, kamar yadda na saba, ba ta zo ba. Na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce, "To, sa mata Marigayiya. Shi ne ya samu."

Na koma shago na ɗauki ma'auni. Marigayiya harafi goma ne, gurbin na biyar ne. Na gwada ƙananan haruffa, na gwada matsewa, ba ta shiga ba. Na mayar masa da shi yadda yake. Yana nan rataye a shagonsa, tsakanin tire da butoci, da sunanki da filinsa.

Ya Allah, ga baiwarKa Rahmatu ta zo maKa. Ka jiƙanta, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa karatun da ta yi da wanda ta koyar su zame mata sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Sheshi da mahaifiyarta Inna Karima, da 'yan uwa na nan Minna da na Bida, da Malam Ndagi, da Hadassah wadda ta rasa 'yar uwa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Mu nan mun kasa sa a kira sunanta minti ɗaya. Ya Ubangiji, Ka kira ta da shi a cikin bayinKa na gari, ranar da ba a tsallake kowa.

Suleiman Mai Allo
Barkin Sale, Minna