Motar da Ta Girgiza da Gawa a Hanyar Nok

Na yi hidimar ikkilisiya tun gashin kaina yana baƙi har ya koma furfura, na kuma tsaya a bakin kaburbura masu yawa waɗanda yanzu ba na iya tuna na wane ne. Jana'iza guda ce ta ƙi barina. Ba saboda mamacin ba, gama shi ya huta. Saboda matarsa ce, wadda ta bar Kafanchan da hantsi tana da ɗaki da gona da mutunci, kafin rana ta faɗi kuwa ta zama abin nuni da baki.

Gundumarmu tana da wata tsohuwar jif mai ja da ƙafafu huɗu. Da ita muke kai wa ƙauyuka ziyara da damina, inda ko babur sai an tura. Ta ɗauki amare, ta ɗauki marasa lafiya, ta ɗauki buhunan citta, ta ɗauki gawa. Direbanta magidanci ne mai sanyin hali, ɗan ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya. A kan duwatsu da laka motar nan ba ta da aibi. Cutarta a kan kwalta take.

Na fara ganin cutar ne a hanyar Kujama, daga ni sai direba. Muna cikin gudu tayar gaba ta faɗa wani rami, sai gaban motar ya kama rawa. Sitiyari ya shiga kaɗawa hagu da dama kamar zai fizge daga hannunsa, ƙofofi suna ƙara, haƙorana suna haɗuwa. Bai lafa ba sai da ya rage gudu har muka kusa tsayawa.

Ya share gumi ya ce, "Baba Fasto, kada ka ji tsoro, zazzaɓinta ne. In ban matsa mata ba, ba ya tashi."

Muka yi shawara a kai ta gareji in an gama bikin godiyar kaka. Kafin nan ya riƙa tafiya a hankali, har matasa suka laƙaba masa hawainiya. Saboda wannan kulawa tasa, babu wanda ya san motar tana da ciwo sai mu biyu.

Ana cikin haka wani dattijon ikkilisiya daga wani ƙauye kusa da Nok ya rasu a asibiti a Kafanchan, bayan doguwar jinya. Matarsa ce ta yi jinyarsa ita kaɗai, tana kwana a tabarma gefen gadonsa. Allah bai ba su ɗa namiji ba, sai 'ya guda da ke aure a Kujama. A al'adar wurin, macen da ke cikin wannan hali zamanta a gidan miji da cin gonarsa yana hannun 'yan'uwan mijin ne. In sun yarda da ita ta zauna, in sun ƙi ta tashi.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da bishara ta lulluɓe amma ba ta tumɓuke ba. A zamanin kakanni, lokacin da ake ɗaukar gawa a kai, in masu ɗauka suka yi tangaɗi, sai a ce mamaci ne yake ƙin tafiya, a tsaya a tambaye shi wanda yake ƙi a cikin masu rakiya. Na ɗauka wannan ya mutu tare da waɗanda suka yi shi. Ashe ya bar kawunan mutane ne kawai ya koma mota.

Ranar ɗauko gawa aka ɓata mana lokaci a ɗakin ajiyar gawa. Sa'ad da aka sa akwatin a bayan jif, aka soka ɗanyen ganye a gabanta kamar yadda aka saba, hadari ya riga ya haɗu a gabas. Ina gaba tare da direba. A baya, gefen akwatin, gwauruwar tana zaune a benci ɗaya, yayan mamacin yana ɗayan. Bas cike da matan zumunta na ikkilisiya tana biye da mu, suna waƙoƙin ta'aziyya.

Yayan mamacin ya dubi sama ya ce, "Direba, gawa ka ɗauko ko ƙwai? Kabari yana buɗe, ruwa zai cika shi. Taka mana!"

Direba ya taka. Ba mu yi nisa ba muka hau wata gada da kwaltar bakinta ta zaizaye, sai zazzaɓin ya tashi, ya kuwa fi na Kujama. Motar duka ta ɗauki kyarma, akwatin yana bugun ƙarfen ƙasa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Gwauruwar ta faɗa kansa ta rungume shi da hannu biyu don kada ya zame. Waƙa ta yanke a bas ɗin baya. Kowa ya gani.

Da muka tsaya direba ya ce, "Ƙafar gaba ce, Baba, ba komai ba." Muka ci gaba, iska ta taso, yayan mamacin ya sake matsa wa direba, aka sake faɗawa rami, motar ta sake rawa. Wannan karon yayan ya sauka, ya cire hularsa, ya dafa akwatin, ya yi magana da harshensu a hankali, yadda ake lallashin yaro: "Ƙanena, mun ji. Wane ne ba ka so ya raka ka?" Sa'an nan ya ɗaga ido ya dubi matar, wadda har yanzu hannunta yana kan akwatin.

Na sauko na ce masa, a gaban jama'a, na san ciwon motar nan tun kafin yau, ƙarfe ne da roba, matattu kuwa ba su da rabo cikin abin da ake yi a ƙarƙashin rana. Ya saurare ni da ladabi har na gama.

Ya ce, "Baba Fasto, kai ka san littafi. Mu mun san ɗan'uwanmu."

Matar ce ta raba gardamar. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Baba, bari in sauka. Kada ruwa ya same shi a hanya saboda ni." Ta koma bas. Na lura matan sun matsa sun ba ta wuri fiye da yadda mutum ɗaya yake bukata.

Kaɗan gaba da wurin nan ne ake barin kwalta a kama hanyar ƙasa, inda ba wanda yake iya gudu. Motar ta shiga irin hanyar da ta saba, ta tafi lumui har ƙofar gida. Yayan mamacin ya taɓa kafaɗata daga baya ya ce, "Ka gani?"

A bakin kabari na yi wa'azi da dukan abin da na sani. Na tuna musu cewa ko keken da ya ɗauki akwatin alkawari ya yi tangaɗi sa'ad da shanu suka yi tuntuɓe, ba kuwa domin akwatin ya ƙi kowa ba. Na ce shari'ar da aka ba mutanen dā ba ta yarda a kama mutum da laifi ba sai da shaidu biyu. Suka ce amin da ƙarfi. Da aka zo cin abinci, ba wanda ya taɓa tuwon accan da ya fito daga ɗakinta.

Aka sa za a yi taron dangi bayan kwanakin makoki, a yanke zamanta ko tashinta. Na yi zaton ina da shaidu biyun da na ambata, wato ni da direba. Sai na ji ana cewa uwar direba 'yar ƙauyen matar ce, don haka ɗan'uwanta ne, shi kuwa fasto rufin asiri ne aikinsa.

A tsakanin nan matan zumunta suna da babban taro a wani gari, jif ce kuma za ta kai shugabanninsu. Ban ga yadda zan ɗora rayuka a kan motar da na ga abin da ta yi ba. Muka kai ta wurin makanikenmu, wani Ibo haifaffen Kafanchan wanda kakansa ya zo da aikin jirgin ƙasa. Ya shiga ƙarƙashinta, ya sa direba ya riƙa murza sitiyari, ya fito yana dariya.

"Baba Fasto, wannan mota naka addu'a ne yana riƙe shi, ba noti ba. Sunkuya ka gani."

Na sunkuya. Ya nuna mini wani sandan ƙarfe da ke riƙe ƙafafun gaba kada su yi gefe. Robar da ke bakinsa ta cinye, sandan yana wasa a mazauninsa. Ƙarafan da ke haɗa sitiyari da tayoyi su ma sun yi sako-sako. Ya ce in taya ta daki rami ana gudu, ɗaya ta ture ɗaya, ɗayar ta rama, haka za su yi ta yi har sai an tsaya. Ya canza su duka. Na karɓi tsohuwar robar na sa a aljihu, raina fari, ina cewa ga shaida ta uku wadda ba ta da dangi a ƙauyen kowa.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro a tsakar gidan mamacin. Gwauruwar tana zaune can gefe ita kaɗai. Na ajiye robar a gaban dattawa, na bayyana musu aikinta dalla-dalla. Yayan mamacin ya ɗauka ya jujjuya ta. Dole in faɗi gaskiya a kansa: ba mugun mutum ba ne, ba kuma kwaɗayin gonar yake yi ba, yana da tasa. Tsoro ne yake ji da gaske, yana kuma son a cire masa shi.

Ya ce, "Baba Fasto, roba ba ta magana. Amma ka ce ciwon motar ne. To, mu hau, ba gawa, ba matar nan, ka kai mu gadar, direba ya taka kamar ranar. In ta yi rawa, ni da bakina zan roƙi gafararta a gaban kowa, ta zauna ɗakinta har ranar da Allah zai kira ta."

Matar ta ɗaga kai ta dube ni, karo na farko tun ranar jana'iza. Direba ya sunkuyar da nasa.

Na ce, "An gyara motar."

Wani daga baya ya ce, "An gyara!" Dariya ta ɗan zaga. Duk da haka suka ce a je. Dattawa suka cika jif, muka hau gadar da gudu, muka juyo muka sake hawa. Motar ta wuce sumul kamar a kan tabarma. Ban taɓa roƙon Allah ya lalata abu ba sai ranar, bai kuwa amsa ba. Da muka komo, yayan mamacin ya ce wa jama'a, ba da fushi ba, "Tun da aka sauke ta, motar ba ta ƙara ba."

Washegari na koma gareji in roƙi a mayar da tsofaffin ƙarafan. Makaniken ya ce masu sayen gwangwan sun riga sun kwashe. Ya ƙara da cewa, "Ko suna nan ba zan sa ba, Baba. In kashe tsofaffi don a ci shari'a? Kuma in na sa, za su ce ni da kai mun shirya." Gaskiya ya faɗa ta kowane gefe.

Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata hannu. An ce kawai ta je wurin 'yarta ta huta. Cittar da ta shuka da hannunta tana ƙasa ba a tona ba. Na ce a kai ta da jif har Kujama, ta yi godiya ta ƙi. Ta ɗaure kayanta a bayan babur.

Na sha auna wannan al'amari a zuciyata. Ba zan iya cewa gyaran kuskure ne ba, gama da motar ta kife da matan zumunta, da wane baki zan yi magana? Amma da taron ya riga gyaran, ko da yayan mamacin ya faɗi sharaɗinsa tun a bakin kabari, da ciwon motar ya zama maganin matar. Abubuwa biyu masu kyau ne suka zo ba a jere ba, mace guda ta faɗa tsakaninsu.

Bayan wasu shekaru na bi ta Kujama na nemi gidan 'yarta. Na same ta a inuwa tana ɓare gyaɗa, ta rame, amma idonta garau. Ta kawo mini ruwa, ta tambayi ikkilisiya, ta tambayi ko an share kabarin mijinta. Daga nan ta ce, "Baba, motar tana nan?"

Na ce tana nan, lafiyarta lau.

Ta ce, "Madalla. Ita dai ta warke."

Da na tashi tafiya ta riƙe bakin rigata ta ce tana da roƙo guda: in ta mutu kada a ɗora ta a mota, a binne ta inda ta faɗi, don kada hanya ta sake yin magana a kan wani. Da lokacinta ya yi 'yarta ta cika mata wannan, ni na yi addu'ar. A can ƙauyen kuwa, wurin da aka bar mata gefen mijinta, gwaza aka dasa.