Ledar da Bappa Ya Ɗaure wa Tanki

Bappa Buba, ƙanen mahaifina, ya yi mini sharrin sata ina ɗan shekara goma sha uku, kuma ko da ya gano gaskiya bai janye ba. A daminar 1994 ne, shekarar da fetur ya yi wuya, wata Asabar da hantsi, aka sauke injin kwale-kwalensa daga akori-kura a ƙofar gidanmu a unguwar Turaki, cikin Jalingo. Da shi yake fiton mutane a Binuwai, can Lau. Aka maƙala shi a bakin duro, aka cika duron da ruwa har ya rufe farfela. Ni na jido ruwan, don haka na ga ina da ikon tsayawa kallo.

Ciwon injin nan abin mamaki ne. Ja ɗaya za a yi wa igiya ya tashi, ya yi ta ruri lafiya lau kamar sabo. Can sai ya fara tari, a ƙara masa wuta ya yi jinkiri kamar jakin da aka yi wa lodi, ya sarƙe, ya mutu. Bakanike ya zo daga bakin kasuwa, ya kwance fulogi ya goge, ya wanke kafireta, ya hura tiyo. A banza. Da ya rasa ta cewa sai ya ce man ne ba shi da kyau. To, ni ake aika da jarka wurin 'yan bumburutu duk lokacin da Bappa ya shigo gari. Nan take Bappa ya ce ai rage fetur nake yi in sayar, in cike da kananzir. A gaban mahaifina ya faɗa, mahaifina kuwa ya ɗauka.

Na sha bulala, amma wallahi abin da ya fi damuna shi ne injin. In na gama share zaure da yankan ciyawar awaki, yara na langa a waje, ni ina tsugune gefen duro ina kallon ana gwaji. Na lura duk sanda bakaniken ya buɗe murfin tanki don ya shinshina man, sai in ji wani ɗan huci, fuuu, kamar tankin ya ja numfashi. Bayan nan injin zai yi aiki sumul na wani lokaci. Na kuma ga ɗan ƙwallon robar da ke jikin tiyo yana lotsewa kafin tarin ya fara. Me ke tsotse shi? Kwana biyu ina juya abin a raina.

Amsar a teburin mai shayi na same ta, a Kasuwar Jalingo, an aike ni sayen burodi. Ya huda gwangwanin madara huji biyu, ɗaya nan ɗaya can. Na tambaye shi amfanin na biyun. Ya ce, "Toshe shi da yatsa ka gani. Ko madara sai ta sha iska take fita." Na toshe, madara ta tsaya. Da gudu na koma gida, har na manta burodin.

A murfin tankin akwai wani ɗan huji na shan iska. Bappa, saboda tsadar mai, ya shimfiɗa leda ninki biyu a bakin tankin kafin ya murɗa murfin, wai kada rana ta shanye masa fetur. Bakaniken ma yakan mayar da ita yadda ya gan ta, don ya ɗauka dabara ce. Na samu Bappa shi kaɗai na nuna masa. Ya zare ledar, ya ja igiya, injin ya yi ta ruri har ruwan duron ya yi zafi, ko tari ɗaya. Ya cusa ledar a aljihu ya ce, "Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Rufe bakinka." Da mahaifina ya dawo, Bappa ya gaya masa wai sabon mai ya zuba injin ya gyaru.

Da ma an yi mini alkawarin makarantar koyon sana'a in na gama aji uku. Mahaifina ya ce ba zai kai ɓarawo cikin kayan mutane ba. Aka tura ni gona a Iware, nan karatuna ya tsaya, mahaifina kuwa ya rasu yana ɗauka na ci amanarsa.

Yau yara na latsa waya su ga cikin inji ƙuru-ƙuru. Ni kunne da ido kawai nake da su, kuma sun ishe ni, da an bar ni. Har gobe in janareton maƙwabci ya fara tari, murfin tanki nake fara dubawa.

Bara na je gaida Bappa, ya tsufa, yana kan tabarma. Ya ce in yafe abin da ya wuce, bai dai faɗi ko mene ne ba. Na ce, "Bappa, faɗi sunan abin tukuna. Leda ce, ba kananzir ba. Wanda ya kamata ya ji haka daga bakinka yana ƙasa."