Hannuna a Kaset ɗin Yaya

Duk wanda na ji yana maganar haɗa waƙa da kiɗan jita, cewa yake yi wahalar a hannu take, wai da baki ya buɗe sai yatsu su rikice. Ba haka ba ne. Wannan ko wane sakarai aka zaunar zai iya. Wahalar ita ce samun wurin da za ka yi su biyun tare ba a leƙo an ce ka yi wa mutane shiru ba. A gidanmu na Gummi ni ban da wannan wurin.

Jitar ta yayana ce. Wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar a makarantarsu ya bar masa ita da zai tafi, tsirkiya ɗaya a tsinke, Yaya ya maye ta da silin wayar birkin babur. Ni lokacin na gama sakandare ina jiran sakamako, daga shara sai daka. Yaya yana da murya, ba zan tauye masa ba. Amma da ya fara waƙa sai hannunsa ya sandare kamar an kama shi da kayan sata. Ya gaji ya rataye ta a ɗaki.

In maza sun tafi gona sai in sauko da ita. Inna ta ce ba ruwanta, amma kada Baba ya ji, kada maƙwabta su ji, kada a wayi gari ana cewa gidan nan an haifi makaɗiya. Sai na riƙa cusa ɗankwalina ƙarƙashin tsirkiyoyin, ƙarar ta koma kamar ana taɓa faifai. Haka na koyi kiɗa, bakina a rufe. Waƙa kuwa a bakin turmi nake yinta, inda babu mai hana mace. Hannu a ɗaki, murya a tsakar gida, ba su taɓa haɗuwa ba.

Wata rana Yaya ya dawo ɗaukar fartanya ya same ni. Na ɗauka zagi zan sha. Sai ya tsaya yana kallon yatsuna, washegari ya aro rediyo mai kaset. Shi ya rera, ni na kaɗa, babu ɗankwali, tunda ko an ji cewa za a yi shi ne. Kaset ya je wurin mai shayi na tasha, aka kwafa, har Bukkuyum 'yan kabu-kabu suka kai shi. Ina ɗaki ina jin samari a zaure suna yaba masa, wai ga hannu ga baki, Allah ya haɗa masa. Bai gyara musu ba. Da na tare shi, dariya ya yi.

"To mi kike so in ce musu? Ƙanwata ce ta kaɗa? Ke ma kin san ba ta yiwuwa."

Damina ce ta taimake ni. Ɗakinmu rufin kwano ne, in ruwa ya tsuge ko ihu ka yi ba mai ji. Na koma kallon hadari fiye da manoma. Da ya sauka sai in cire ɗankwali in buɗe baki, kuma sai abin da nake yi wa Yaya dariya ya same ni. Hannuna ya riƙa bin bakina kamar ɗan rakiya, inda na ja murya sai ya tsaya jira. Kafin in kai ƙarshen baiti ɗaya ruwa ya ɗauke, in mayar da ɗankwali ina cizon yatsa. A hankali na gane sai na saki hannun ya yi ta tafiya har in manta da shi, sannan in bi shi da guna-guni ta hanci, sannan in ɗora kalmomi a kai. Wani yammaci abin ya zauna. Na yi waƙar tun daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba. Da ruwa ya sake zuwa na ɗauki kaina da rediyon aron da bai mayar ba, a ɗan wurin da ya rage a bayan kaset ɗinsa. Ƙarar kwano ta fi ni fitowa, amma ina ciki, hannu da murya duka nawa.

Da Yaya ya ji, labarun rediyo ya ɗauka a kai, ya goge nawa. Ya ce rufa mini asiri ya yi, in da abokansa suka fara ji fa? Ban yi kuka ba, raina ya ɓaci ya wuce nan.

Bayan kaka wani abokinsa zai yi aure a Anka, aka ce dole ya zo da jitarsa a gan shi ido da ido. Sai ga Yaya da ƙunshin tsire, murya ƙasa-ƙasa, yana ƙanwata ta kaina. Wai in koya masa yadda ake haɗawa. Na ce ba a koyar da shi da baki, sai na kaɗa na rera yana gani, ruwa kuma sai baɗi. Ya ce in sa ɗankwali, in yi da raɗa.

"A tsakar gida," na ce, "bayan la'asar. Kai ka faɗa wa Baba wa ya yi kiɗan kaset."

"Ke dai baƙin hali gare ki."

Inna ma ta sa baki, wai in taimaki ɗan'uwana kada ya ji kunya a garin mutane. Waƙar da aka goge mini, ko tambaya ba ta yi ba.

Na cinye tsiren, na kuma gama shawara. Gobe bayan la'asar, Baba na kan buzunsa yana jan carbi, zan ɗauko jitar in kifa turmi in zauna, in yi waƙar nan da dukan muryata. In Baba ya fasa jitar, Yaya ya tafi Anka hannu biyu. In bai fasa ba, Yaya ya zauna a ƙasa ya koya a gaban kowa.