Yadda Tsohuwar Mushe Ta Kayar da Ni a Cacar Ƙwallo

Shekarar da na shiga lise, wato babbar sakandare, a Madawa, na baro Urno da buhun hatsi ɗaya da nasihar baba mai cika buhu uku. A gidan gwaggona na sauka. Kafin hutun farko na gano wata rumfa bayan tasha inda ake cacar ƙwallon Turai: ka zaɓi ƙungiyoyin da za su ci, a buga maka 'yar takarda, ka koma kana addu'ar da ko ranar jarrabawa ba ka yi.

Karon farko na ci, kuma wannan cin ne ya kashe ni. Ni da ban taɓa kallon wasa har ƙarshe ba, sai ga 'yan ajinmu suna bi na suna rubuta abin da na faɗa. Na koyi duban sama kafin in ba da amsa. Ban sake ci ba, amma kullum ƙungiya ɗaya tak ke ɓata mini takarda, kuma kullum laifin alƙalin wasa ne.

Kuɗin kalaci ya tafi, takalmin Salla ya bi shi. Da baba ya sake aiko hatsi, a tasha na tare buhun na sayar.

Malaminmu na lissafi, da muke ce wa Mushe, wato malam da Faransancinmu, ya kama ni ina cika takarda ƙarƙashin tebur. Na shirya wa bulala, sai ya ce in same shi gida ranar Alhamis da la'asar.

Na tarar da shi bisa tabarma da tsohuwarsa, tana ɓarar gujiya.

"An ce kai ne masanin ƙwallo," in ji shi. "To ga Inna, ba ta taɓa ganin wasa ba. Duk sati ka zaɓa, ita ma ta zaɓa. Ba kuɗɗi, rubutawa kawai za mu yi."

Ya karanto mata sunayen ƙungiyoyi. Ta ƙi wata don sunanta ya yi kama da ciwon ciki, ta ɗauki wata don ta tuna mata da wata ƙawarta ta Babankatami.

Sati shida muka yi, ta kayar da ni huɗu. A na ƙarshe ta dube ni da tausayi ta ce, "Ɗan nan, ko in riƙa zaɓa maka?"

Mushe ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Da ya nutsu ya ce, "Mi kake nema can rumfar caca?"

Kowa haram yake ce mini, kuma na sani. Wannan tambayar ce ba wanda ya taɓa yi mini. Sai na ce, "Mushe, ranar da na ci aka daina ce mini ɗan ƙauye."

Ya bar ni na yi ta magana har na kai kan buhun. Bai yi wa'azi ba. Ya ce zai raka ni wurin gwaggo, amma da bakina zan faɗa.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe. Ta ɗauko muciya, ta dubi Mushe, ta ajiye. "Ka ci albarkacin baƙo," ta ce. Wata uku ni ke ɗebo ruwan gidan.

Sau biyu na koma rumfar cikin watannin nan, sau biyun na je na faɗa wa Mushe, ya ce in zauna mu sake magana. Daga baya uku cikin masu bi na suka shigo zaman Alhamis, muna yi wa juna tsiya, duk wanda ya zame ya koma rumfar a satin shi ke wanke kofunan shayi. Ni ma na wanke su, amma akwai wanda ya fi ni wankewa.