Asibitin da Kawu ya zana

Jiya muka koma Umdurman. Da ma an ce yaƙi ya rushe asibitin unguwarmu. Ashe ƙarya ne! Yana nan tsaye, sai ramukan harsashi. Daga cikin raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, na rangaɗa guɗa. 'Yata ta ce, "Inna, mutane fa!" Na harare ta.

Marigayi kawuna ne ya zana shi. Ina budurwa ya zaunar da ni a filin da za a gina asibitin, da rana tsaka, yashi na ƙona mini ƙafa, ya ce, "Nan mata za su jira likita. Ta ina iska ke zuwa miki?" Inda na nuna, nan ya sa tagogi.

Allah ya yalwata kabarinka, Kawu, ya kawo masu hannun kirki su gyara aikinka.