Rahmatu, Wadda Ta Maida Baba Maharazu Sahu

Kullum da safe Rahmatu kan sauka daga bas a Stockport Road, ta buɗe ƙaramin asibitin gashin ƙashi na unguwar Longsight. Kafin ta cire rigar sanyi, masu ɗingishi sun cika benci.

Ciwon agara, jijiyar bayan diddige, munafuki ne. Da asuba ya hana mutum taka ƙasa, ranar ganin likita kuma ya ɓuya. Haka ya yi wa Baba Maharazu, tsohon akanta, har ya koma salla a kan kujera a ƙarshen sahu. Abin na cin ransa, amma ya ce sanyin Ingila ne, ya shafa man zafi ya kwanta. Matarsa Hajiya Rabi'a ce ta jawo shi asibitin.

"Yau lafiya lau nake, 'yata. Ba wa wani appointment ɗin, ya ga likita a madadina."

"Baba, ai yau ɗin nake so. A ba ni izini in taɓa."

Ta matsa jijiyar, ya zabura. Ta sa shi ɗage, ya kasa. Ta ce kwanciya ba ta warkar da ita. Sai dai ya tsaya a bakin matakala, ya ɗaga diddige ya sauke a hankali, kullum, har da ranar da ba ya ciwo. Hajiya ce ke riƙe masa hannu.

Ana cikin haka tsuke bakin aljihun gwamnati ya iso, aka rufe asibitin. Rahmatu ta koma aiki Birmingham tana hawaye. Ke ce ba ki yar da su ba, Rahmatu. Ke ce mai kira daga can unguwar Handsworth duk Asabar: "Hajiya, yana yi kuwa, ko yana yi miki wayo?"

Da hunturu Hajiya ta kwanta, ba ta tashi ba. A wajen jana'iza aka kawo wa Baba kujera, ya ce a ɗauke. Da yamma ya kira Rahmatu.

"'Yata, na tsaya mata. Da ƙafata na tsaya."

Har yau benci na nan a bayan ƙofar da aka rufe, kuma abin da ciwo. Mun gode, Rahmatu, Allah Ya saka miki. Masu wannan aiki, ku yi koyi da ita: wanda ya ce muku yau ba ya ciwo, kada ku sallame shi.